Banki da layin waya a sabuwar ƙasa: da wanne za a fara, wanne za a zaɓa

Wanda ya koma wata ƙasa da zama, ko karatu ya kai shi ko aiki ko aure, kafin ya gama kwance kaya zai tarar abu biyu sun tare masa hanya: asusun banki da layin waya. Wurin aiki ba ya biyan albashi sai ta asusu. Mai gidan haya yana so a riƙa cire masa kuɗinsa daga asusu duk wata. Banki kuma ba zai buɗe asusun ba sai ka kawo lambar waya ta ƙasar da shaidar adireshi. Ka juya wajen kamfanin sadarwa ka ce kana son layi na kwantiragi, su ma asusun banki za su fara tambaya, sannan su binciki tarihinka na biyan bashi a ƙasar, alhali jiya ka sauka.

Saboda haka kafin a zo kan wane banki ya fi ko wane layi ya fi araha, sai an fara duba wanne zai karɓe ka yau da takardun da ke hannunka, kuma wanne za ka iya bari bayan wata uku ba tare da an ci ka tara ba. Shawararmu ita ce a bi wannan jerin: layin da ake saka wa kati a ranar farko, asusu mai saurin buɗewa a makon farko, sannan babban asusun albashi idan adireshi ya tabbata. Duk abin da zai ɗaure ka fiye da wata ɗaya, ka jinkirta sa hannu a kansa sai ka san garin.

Tsohon layi da wayar da ke hannunka

Kada ka yar da tsohon layinka. Tsohon bankinka, imel ɗinka, WhatsApp da duk shafin da ke turo lambar sirri ta saƙon tes, a kansa suke rataye. Kamfanonin sadarwa suna ƙwace layin da ya daɗe ba a taɓa shi ba, su sayar wa wani da lambar, kuma wa'adin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Ka tambayi wa'adin naka kafin ka taso, ka sa a buɗe maka romin, wato aikin layi a ƙasar waje, ka kuma kashe masa data. A mafi yawan kamfanoni karɓar saƙon tes a waje kyauta ne. Amsa kira da data su ne ke cinye kuɗi.

Ita kanta wayar sai an duba ta. Idan a kulle take a kan kamfani ɗaya, sabon sim ba zai yi aiki ba, kuma neman a buɗe ta daga nesa wahala ce. Ka danna *#06# lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, za ta fito. Manyan kamfanonin Amurka suna da shafin da za ka saka lambar su gaya maka ko wayar za ta hau netwok ɗinsu. Wannan binciken ya zama dole ne tun da kamfanonin Amurka suka rufe 3G a 2022, na Ostareliya suka kammala rufe nasu a 2024. A can kira yana bi ta 4G ne, ta tsarin da ake kira VoLTE, kuma wayar da kamfanin bai amince da ita a tsarin ba tana iya buɗe intanet amma ta kasa kira. Turkiyya kuma tata dokar daban ce: wayar da aka shigo da ita daga waje aka sa mata layin ƙasar, idan ba a yi mata rajista an biya harajinta cikin kwana 120 ba, ana toshe ta.

Waya mai sim biyu, ko mai sim ɗaya da eSIM, wato sim ɗin da ake saukewa cikin waya ba na roba ba, ita ta fi dacewa da baƙo, don tsohon layi da sabo su zauna tare. Mai shirin sayen iPhone a Amurka ya sani cewa tun daga iPhone 14 na 2022, waɗanda ake sayarwa a can ba su da gurbin saka sim kwata-kwata. Tsohon sim ɗinka na roba ba shi da inda zai shiga.

Layi iri huɗu

Na farko shi ne wanda ake biya kafin a yi amfani. Ba ya buƙatar asusun banki, ba a binciken tarihin bashi, kuma ranar da ka daina saka kati maganar ta ƙare. A Birtaniya ana sayensa a kanti ba tare da nuna katin shaida ba. A Jamus tun watan Yuli na 2017 sai an tantance ka da fasfo, ko a shago ko ta kiran bidiyo, kuma tantancewar bidiyo ba ta karɓar fasfon kowace ƙasa. Idan ta ƙi naka, shago ko gidan waya za ka nufa. A Saudiyya ana ɗaukar hoton yatsa, layin kuma yana ɗaure da iƙama, wato katin izinin zama, ko bizar da ka shigo da ita. A Hadaddiyar Daular Larabawa layin mazauni da katin shaida na Emirates ID ake yi masa rajista.

Na biyu layin wata-wata ne, ba waya a ciki, ana cire kuɗin daga asusu ko kati, kuma kana iya fita a ƙarshen kowane wata. Galibi ya fi na farko yawan data a kan kuɗi ɗaya. Shi ne inda ya kamata mafi yawan mutane su yada zango da zarar sun sami asusu.

Na uku kwantiragi ne na wata 12 ko 24, wani lokaci 36, sau da yawa da sabuwar waya a ciki. Bashi ne, ko da mai shago bai kira shi da sunan ba. Ana bincikar tarihinka, kuma sabon zuwa ko dai a ƙi shi ko a nemi ya ajiye kuɗin jingina. Idan ka bar ƙasar kafin wa'adi ragowar watannin suna wuyanka, in ka ƙi biya a miƙa sunanka ga masu karɓo bashi. Lissafin ba shi da wuya. A ce kwantiragin 45 ne a wata har wata 24, ya kama 1,080. Layin wata-wata na 10 a tsawon wannan lokaci 240 ne, ka sayi wayar da kanka a kan 600, jimla 840. Ka yi wannan lissafin da ainihin farashin da aka ba ka kafin ka ɗauki biro. Wani lokaci kwantiragin ne ke cin riba, amma sai an lissafa ake sani.

Na huɗu eSIM na matafiya, irin na Airalo da Holafly. Yana da amfani a kwana biyun farko don taswira da kiran tasi, amma yawancinsu data ce zalla, ba lamba, ba saƙon tes. Banki ba zai iya turo maka lambar sirri a kai ba. Haka lambobin intanet irin na Google Voice, bankuna da yawa ba sa karɓarsu. Layin 'yan yawon buɗe ido da ake sayarwa a filin jirgi shi ma kada ka ba banki lambarsa, domin yakan mutu bayan 'yan makonni.

Akwai abin da muke jan kunne a kansa ƙwarai: kada ka karɓi layin da aka yi wa rajista da sunan wani, ko da aboki ne ya ba ka don ya taimake ka. Ranar da wayar ta ɓace, mai sunan kaɗai kamfani zai ba sabon sim, kuma a lokacin bankinka da takardunka na hukuma duk suna kan lambar.

Masu turaku da masu haya

A mafi yawan ƙasashe kamfanoni uku ko huɗu ne suka mallaki turakun sadarwa. Sauran haya suke yi a wajensu, ko kuma ƙananan rassansu ne, su sayar da rahusa. A Birtaniya masu turakun su ne EE, O2, da Vodafone da Three waɗanda suka haɗe a 2025. Giffgaff da Tesco Mobile a kan O2 suke, Lebara da Voxi a kan Vodafone, Smarty a kan Three. A Jamus akwai Telekom, Vodafone, O2 da 1&1: congstar na Telekom ne, Lidl Connect yana kan Vodafone, Aldi Talk yana kan O2. A Amurka Visible na Verizon ne, Cricket na AT&T, Mint da Metro na T-Mobile. A Kanada Fido na Rogers ne, Koodo da Public Mobile na Telus, Virgin Plus da Lucky na Bell. A Faransa Sosh na Orange ne, B&You na Bouygues.

Amfanin sanin wannan shi ne ka fara zaɓen turakun, sannan ka nemi mafi araha a cikin masu haya a kansu. Taswirar da kamfani ke nunawa ta inda sabis ɗinsa ya kai ƙiyasi ce, kuma ta fi gaskiya a fili fiye da cikin ɗaki. Ka tambayi maƙwabta da abokan aiki wane layi ne ke kamawa a ginin, ka gwada wata guda a ɗakin kwananka, a wurin aiki, da kan hanyar da kake bi kullum. Idan wayar wasu tana kamawa a ɗakin taka ba ta kamawa, a kan netwok ɗaya, sau da yawa laifin wayar ne. Ƙananan zangon mita su ne ke ratsa bango su kai karkara: a Turai zango na 20, a Amurka na 12, 13 da 71. Wayar da aka ƙera don wata kasuwa tana iya rasa su, sai ta yi aiki lafiya a tsakiyar birni ta mutu a cikin gini.

Me ake rasawa a wajen masu haya? Shago, da farko, don yawancinsu ta manhaja kawai ake samunsu. A Amurka musamman, idan cunkoso ya yi yawa ana fifita abokan cinikin babban kamfani, data ɗinka ta ja baya. Wasu suna rage gudu, wasu ba su da kira ta Wi-Fi, wanda shi ne ke ceton mai zama a ɗakin ƙasa. Ga mafi yawan mutane wannan ragin bai kai bambancin kuɗin ba.

Wajen kwatanta farashi, ka fara duba saitin wayarka ka ga data nawa ka sha a watan da ya wuce. Bidiyo mai matsakaicin kyau yana cin kusan giga 1 a awa, mai kyau sosai ya kai giga 3. Wanda ke da Wi-Fi a gida da wurin aiki da wuya ya buƙaci tsarin da aka ce ba iyaka, kuma shi ma wannan tsarin yakan zo da sharaɗi: a rage gudu bayan wani adadi, ko a taƙaita raba wa kwamfuta data. Ka kula da tsawon "watan". A Jamus da wasu ƙasashe tsarin saka kati na kwana 28 ne, ke nan sau 13 za ka biya a shekara, ba 12 ba. Ka kula da farashin talla da ke tashi bayan wata uku ko shida. A Birtaniya ana ƙara kuɗi a tsakiyar kwantiragi, sai dai tun Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa, Ofcom, ta wajabta a rubuta ƙarin da fam da kwabo tun ranar sa hannu.

Kiran gida kuma, Lebara da Lyca sun yi suna da mintunan ƙasashen waje. Ka buɗe jerin ƙasashen ka tabbatar taka tana ciki, kuma mintunan sun haɗa da wayar hannu, ba wayar tebur kaɗai ba. Mai kira ta WhatsApp kawai ba ya buƙatar su, amma a Hadaddiyar Daular Larabawa an toshe kiran WhatsApp, sai manhajojin da aka ba lasisi irin Botim. A Tarayyar Turai tun 15 ga Yuni 2017 layin ƙasa ɗaya yana aiki a sauran ba ƙarin caji, har da Norway da Iceland, amma dokar ba ta shafi Suwizalan da Birtaniya ba. Inda ake ruɗewa shi ne, kira daga ƙasar da kake zaune zuwa wata ƙasa ba romin ba ne, kiran waje ne, kuma ana cajinsa.

Sauya kamfani ba ya nufin rasa lamba. A Birtaniya ka tura kalmar PAC zuwa 65075, a turo maka lambar da ke aiki kwana 30, ka ba sabon kamfani, washegarin ranar aiki a mayar da layin. A Faransa ana kiran 3179 a karɓi lambar sauya layi da ake kira RIO. A Amurka lambar asusunka da lambar sirrin sauya layi ake nema. Kada ka rufe tsohon layin da kanka kafin sauyin ya kammala, in ka yi haka lambar tana iya salwanta. Abin da ya fi hana sauyin tafiya shi ne suna ko ranar haihuwa da ba su zo ɗaya a kamfanonin biyu ba.

Ba duk mai ba da kati ne banki ba

Iri uku za ka tarar. Akwai manyan bankuna masu rassa, masu jinkirin buɗe asusu da yawan neman takardu, amma ana ajiye tsabar kuɗi a wajensu, akwai mutumin da za ka zauna gabansa, kuma su ne ke ba da bashin gida ko mota nan gaba. Akwai bankunan manhaja masu cikakken lasisin banki, irin Monzo da Starling a Birtaniya, N26 a Jamus, bunq a Holan, waɗanda ke buɗe asusu da hoton fasfo da na fuska, wani lokaci a rana ɗaya. Sai kamfanonin kuɗin lantarki irin Wise, masu ba da kati da lambar asusu amma ba bankuna ba ne.

Bambancin yana fitowa ranar da kamfani ya durƙushe. Kuɗin da ke banki mai lasisi yana da inshorar ajiya: yuro 100,000 a ƙasashen Tarayyar Turai, dala 250,000 a Amurka ƙarƙashin hukumar inshorar ajiya FDIC, dalar Kanada 100,000 ƙarƙashin takwararta CDIC, dalar Ostareliya 250,000. A Birtaniya an ɗaga daga fam 85,000 zuwa 120,000 a Disambar 2025. Kamfanin kuɗin lantarki kuwa doka ta ce ya ware kuɗin jama'a daban da nasa, wanda kariya ce, amma ba inshora ba ce, kuma dawo da kuɗin yana iya ɗaukar lokaci. A watan Yuni na 2020, da kamfanin Wirecard na Jamus ya rushe, hukumar FCA mai sa ido kan harkar kuɗi a Birtaniya ta dakatar da reshensa na can, katunan manhajoji da dama suka daina aiki na wasu kwanaki. A 2024 kamfanin Synapse na Amurka ya karye, masu ajiya a manhajojin da suka dogara da shi suka shafe watanni ba su taɓa kuɗinsu ba. Ka duba sunan kamfani a rajistar hukumar da ke sa ido, FCA a Birtaniya, BaFin a Jamus ko FDIC a Amurka, ka ga wane irin lasisi gare shi. Revolut misali ne mai kyau na dalilin dubawar, don matsayinsa ya danganta da ƙasar da ka buɗe asusun: a Tarayyar Turai da lasisin banki na Lituweniya yake aiki. Bankin manhaja kuma yana iya tattara nasa ya nasa ya bar kasuwa, kamar yadda N26 ya rufe asusun abokan cinikinsa na Birtaniya a 2020.

Takardun da ake nema kusan ɗaya ne ko'ina: fasfo, biza ko izinin zama, shaidar adireshi, da lambar shaida ko ta haraji. Sunan lambar ne ke sauyawa: SSN ko ITIN a Amurka, SIN a Kanada, BSN a Holan, NIE a Sifaniya, personnummer a Suwidin, iƙama a Saudiyya. Za a kuma tambaye ka inda kake biyan haraji da lambar harajinka ta ƙasar da ka baro, don haka ka taho da ita. A Amurka wasu bankuna suna buɗe wa baƙo asusu da fasfo ba SSN, amma sai ka je reshe da ƙafarka, ta intanet galibi ba ya yiwuwa.

Shaidar adireshi ita ce ƙashin wuya. A Jamus sai ka yi Anmeldung, wato rajistar mazauni a ofishin gunduma cikin kwana 14, da takardar tabbatarwa daga mai gida. Kafin ka karɓi ɗaki ka tambaya ko za a ba ka wannan takardar, domin ɗakin da ba a rajista da shi zai tsayar maka da banki da lambar haraji gaba ɗaya. A Birtaniya wasiƙar jami'a ko ta wurin aiki mai ɗauke da adireshinka tana wadatar da bankuna da yawa. Ka tabbatar sunanka ya zo iri ɗaya, harafi da harafi, kuma a jere ɗaya, a fasfo da biza da takardar haya. Harafi guda da ya bambanta ya isa na'ura ta ƙi ka, ba tare da an faɗa maka dalili ba.

Idan an ƙi ka, kana da haƙƙi a wurare da dama. Dokar Tarayyar Turai ta 2014 ta ba duk mai zama bisa ƙa'ida damar mallakar asusu na asali. A Jamus sunansa Basiskonto, ya fara a 2016, kuma banki yana da kwanakin aiki 10 ya amsa, sai dai ana iya cajin kuɗin wata a kansa. A Faransa ka nemi takardar shaidar ƙin, ka kai Banque de France, babban bankin ƙasar, shi zai zaɓi bankin da dole ya buɗe maka. A Birtaniya manyan bankuna tara suna ba da irin wannan asusu kyauta. A Kanada kana da damar buɗe asusu ko ba ka da aiki, ko ba ka da abin ajiyewa a ranar. Ma'aikacin banki ba lallai ya ambata maka shi ba, kai za ka nema da sunansa.

Inda kuɗi ke zurarewa

Cajin wata-wata kowa na ganinsa, kuma sau da yawa ana yafe shi ga ɗalibi, ko idan albashi yana shiga, ko idan ajiya ba ta sauka ƙasa da wani adadi ba. Manyan bankunan Kanada, RBC, TD, Scotiabank, BMO da CIBC, suna da tsarin sababbin zuwa da ke yafe cajin na wani lokaci. Ka rubuta ranar da yafiyar za ta ƙare. Waɗanda ba a gani su suka fi ciwo: cajin cire kuɗi a ATM na wani banki, cajin ajiye tsabar kuɗi a bankin manhaja, tarar cire fiye da abin da ke asusu, da tarar da ake ci idan ranar cire kuɗin haya ko na wuta ta zo asusun ba kome. Amfani da kati a wata ƙasa yakan ci kusan kashi 3 cikin 100 a manyan bankuna. Idan ATM ko na'urar kanti ta tambaye ka ko a caje ka da kuɗin ƙasar katinka, ka ƙi, ka zaɓi kuɗin ƙasar da kake tsaye. Farashin canjin da na'urar ke bayarwa kusan kullum ya fi na bankinka muni.

Ka kuma tambaya ko asusun yana hawa hanyoyin biyan kuɗi na ƙasar. A Jamus har yanzu akwai ƙananan shaguna da ba sa karɓar komai sai katin ƙasar mai suna Girocard ko tsabar kuɗi. A Kanada da Interac ake tura wa juna kuɗi, a Amurka da Zelle, a Sifaniya da Bizum, a Saudiyya katin mada ne ke ko'ina. A Suwidin rayuwa ba BankID, shaidar mutum ta intanet, da Swish, manhajar tura kuɗi, takura ce, kuma ta bankin ƙasar ake samunsu. A yankin yuro doka ta hana a ƙi lambar asusu ta IBAN don ta wata ƙasar Tarayyar ce, amma har yanzu ana cin karo da fom ɗin da ba ya karɓarta. Wanda zai daɗe gara ya sami IBAN na ƙasar da yake zaune.

Tura kuɗi gida aiki ne daban da ajiya, kuma ba dole bankin albashinka ya yi shi ba. Alƙaluman Bankin Duniya sun daɗe suna nuna matsakaicin tsadar tura kuɗi ya haura kashi 6 cikin 100, bankuna kuma su ne mafi tsada. Ribar tana ɓoye a farashin canji. A ce za ka tura 500: wanda ya ce kyauta ne amma ya rage kashi 3 cikin 100 a canji ya ci 15, wanda ya caji 4 ya ba ka ainihin farashin kasuwa ya ci 4. Abu ɗaya za ka kwatanta tsakanin Wise, Remitly, WorldRemit, Western Union da bankinka: nawa ne zai isa hannun wanda aka tura wa, a rana ɗaya, a kan adadi ɗaya. Ta hanyar SWIFT kuma, wato tura kuɗi daga banki zuwa banki tsakanin ƙasashe, bankunan tsakiya suna iya yankar nasu a hanya.

Mai gudun kuɗin ruwa yana da zaɓi mai faɗi a ƙasashen Larabawa, Malesiya da Turkiyya. A Turai zaɓin kaɗan ne: KT Bank a Jamus tun 2015, Al Rayan da Gatehouse a Birtaniya, kuma sai ka tambaya ko suna buɗe asusun hada-hadar yau da kullum. Asusun albashi na gama-gari sau da yawa ba ya biyan ruwa, kana kuma iya cewa a cire maka damar cin bashi a kansa.

Tarihinka na biyan bashi ba ya biyo ka, daga sifili za ka fara. Experian, Equifax da TransUnion ke riƙe da shi a Birtaniya da Amurka, Schufa a Jamus. Neman kati ko kwantiragi a wurare da yawa cikin ɗan lokaci yana rage maka maki, don haka in an ƙi ka sau ɗaya ka dakata. A Amurka da Kanada ana farawa da katin bashi na jingina: ka ajiye kuɗi, a ba ka kati daidai da su, ka riƙa biya gaba ɗaya duk wata. Makin FICO, wanda ake auna tarihin biyan bashi da shi a Amurka, ba ya fitowa sai asusun ya yi aƙalla wata shida.

To, wa ya dace da wanne? Ɗalibi ko mai zaman ƙasa da shekara: layin saka kati ko na wata-wata, da bankin manhaja mai lasisi. Ma'aikacin da ya zo da niyyar daɗewa: ya fara da na manhaja, ya ƙara babban banki idan adireshi ya samu. Mai sana'ar da ake biyansa da tsabar kuɗi, banki mai rassa kusa da shi ya fi masa kowace manhaja. A ƙasashen Tekun Fasha kuma ka fara tambayar wurin aikinka, domin albashi yana bi ta tsarin da gwamnati ke sa ido a kai, kuma sau da yawa kamfani yana da bankin da yake hulɗa da shi.

Ko wanne ka zaɓa, ka riƙe asusu biyu a kamfanoni biyu da ba su da alaƙa. Bankuna suna daskarar da asusu idan na'urarsu ta ga abin da bai yi kama da abin da ka faɗa ranar buɗewa ba: tsabar kuɗi masu yawa, kuɗi daga mutane barkatai, ko kuɗin da ke shigowa ya fita nan take. Dokar hana halatta kuɗin haram tana iya hana su faɗa maka dalili, kuma binciken yana iya kai makonni. Ka adana takardar albashi da shaidar duk wani babban kuɗi da ya shigo, ka sanar da banki kafin ka kwaso ajiyarka daga tsohuwar ƙasa. Idan ƙorafinka ya yi mako 8 a Birtaniya ba a warware ba, kana iya kai shi ga Financial Ombudsman Service, hukumar sauraron ƙorafi a kan bankuna, kyauta.

Sababbin zuwa su ne 'yan damfara suka fi farauta da tayin "a turo kuɗi ta asusunka, ka tura gaba, ka ɗauki kasonka". Kwaɗayi mabuɗin wahala. Laifi ne a doka ko da ba ka san asalin kuɗin ba, kuma a Birtaniya ana iya sa sunanka a rajistar damfara ta Cifas har shekara shida, bankuna su yi ta ƙin ka. Banki na gaskiya ba ya kira ya nemi lambar sirrin da ya turo maka. Ka sa wa asusunka na kamfanin waya lambar sirri ta musamman, don kada wani ya je ya karɓi sabon sim da sunanka ya riƙa karɓar saƙonnin bankinka.

Idan wata shida ta yi ka ga wanda ya fi, sauya banki ba wuya. A Birtaniya tsarin sauya asusu da aka fara a 2013 yana kwashe albashi da duk abin da ake cirewa kai tsaye zuwa sabon banki cikin kwanakin aiki 7, ya rufe tsohon. A Jamus tun 2016 doka ta wajabta wa bankunan biyu su taimaka a kammala cikin kwanakin aiki 12. Inda babu irin wannan tsarin, ka bi bayanin asusunka na wata uku ka fitar da duk masu cirar kuɗi, ka sanar da su ɗaya bayan ɗaya, ka bar tsohon asusun a buɗe da ɗan kuɗi a ciki har albashi ya shiga sabon sau biyu.